Toshiyar Ƙahon Bayyumi

Shekara arba'in da 'yan kai ina gyaran ƙahonin tagulla a titin makaɗa na Alƙahira, kuma babu aikin da ke ɓata mini rai kamar a kawo mini ƙahon da ƙoƙon bakinsa ya maƙale. Ba wahalar aikin ce ke damuna ba. Abin haushin shi ne kafin a kawo maka, sai kowa a gidan ya gwada basirarsa: maigida da filaya, matarsa da tafasasshen ruwa, maƙwabci ya ce a matse ƙoƙon a ƙyauren ƙofa a murɗa. Sai sun gama karya wuyan ƙahon sannan su tuna akwai wani wai shi Usta Hilmi, wato ni; Usta laƙabin gwanin sana'a ne a nan. To, wata safiyar Asabar Bayyumi ya shigo shagona da ƙahonsa naɗe cikin tsohon tawul. Ina ganin yadda ya rungume shi na san an riga an yi ɓarnar.

Bayyumi ɗan cika sahu ne. In masu biki suka ce 'yan badujala goma sha biyu suke so, shugaban ƙungiya mabusa biyar gare shi na gaske da makaɗan ganga biyu. Sauran sai ya leƙa gidan shayi ya kwaso duk wanda jar kwat ta yi wa daidai, ya miƙa masa ƙahon da aka toshe, ya ce ya kumbura kumatu ya riƙa motsa yatsu. Masu biki kawuna suke ƙirgawa, ba sauti ba. Yawancin 'yan cika sahu kan yi wata uku ko shekara, su samu dako ko tuƙin tasi, su ajiye kwat. Bayyumi shekara talatin da uku ya yi.

Daga wani ƙauye na kudu ya zo, wajen Suhag, yana ɗan shekara ashirin da biyu, ƙirji kamar ƙofar gari, da son kiɗa irin na wanda bai san kan garin ba. Marigayi Usta Fargali, shugaban ƙungiyar da ke zama a gidan shayin da ke kallon shagona, shi ya gan shi ya ɗauka. Ya ce masa ya fara da cika sahu don ƙafarsa ta koyi taku, bayan Sallah zai sa a cire masa toshiyar ya koya masa busa. Sallah ta zo, ya ce sai ta layya. Ta layya ta zo, ya ce ai biki ya yi yawa, a bari a huce. Fargali ba makaho ba ne. Mabusa suna da yawa a titin, amma ɗan cika sahu irin Bayyumi babu na biyu, kuma ba ya da niyyar rasa shi. Haka ya yi ta ja masa rai har ƙasa ta rufe idonsa da alƙawarin a wuyansa.

Gaskiya kam Bayyumi ya iya aikinsa. Sauran 'yan cika sahu kumbura kumatu kawai suke yi suna kallon kwanukan abinci. Shi kuwa da gaske yake hurawa, ya tura iska ta daki toshiya ta dawo, jijiyoyin wuyansa su miƙe, fuskarsa ta yi jawur, gumi ya riƙa ɗiga daga haɓarsa. Yatsunsa sun haddace kowane take, don shekara da shekaru yana kallon na kusa da shi. Mata in za su yi guɗa wajensa suke juyawa, mai hoto shi yake fara ɗauka. Mabusan gaskiya suka ji haushi, suka laƙaba masa Kanari, sunan ya bi shi har wajen mai wake da mai biredi. Yakan yi dariya in an kira shi haka. Ni dai ban taɓa ganin dariyar ta kai idonsa ba.

Akwai abin da ban faɗa ba tukuna, don ba ya mini daɗin faɗa. Ni na toshe ƙahon. A shekarar da mahaifina ya rasu ya bar mini shagon, Fargali ya kawo mini ƙahoni huɗu ya ce in toshe su, in kuma buga ƙoƙon bakin ya zauna daram, kada wani mai dogon buri ya zare shi ya cire toshiyar. Na yanko toshiyar kwalbar tsami, na shafa mata gam, na tura ta cikin bututun, na ɗora ƙoƙon na ba shi guduma uku. Sabon mai shago ne ni, ina neman shugabannin ƙungiya su san da ni, ban tambayi wanda zai riƙe ƙahon ba. Daga baya na ga ɗaya a hannun Bayyumi. Shekara talatin da uku muna gaisawa kowace safiya, yana tambayata ƙafata mai ciwo, ina tambayarsa iyali, ban taɓa buɗe baki ba.

Da ya warware tawul ɗin na ga aikin filaya. Ƙoƙon duk ya sha cizo, bututun da ke riƙe da shi ya ɗan murɗe, dalmar da ke haɗa shi da jikin ƙahon ta tsage. Na fara faɗa kamar yadda na saba, na tambaye shi ko jaki ya ba ya taune masa. 

Ya ce, "Usta, ranar Alhamis za a kai kayan ɗakin Afaf. Na ce mata ni zan busa mata taken amarya. Da bakina."

Afaf ita kaɗai Allah ya bar musu, shi da matarsa. Da sunan 'yar Kanari ta tashi, ta sha dambe a makaranta a kansa. Tana 'yar shekara bakwai ta taɓa roƙonsa ya busa mata a gida, ya ce ai ƙaho ba ya kwana a gida, a akwatin ƙungiya yake kwana. Gaskiya ya faɗa, amma daga ranar ba ta sake tambaya ba, kuma wannan shirun nata ya fi masa zagi ciwo. Yanzu ta samu miji, wani Mamduh mai ɗinkin kujeru daga unguwar Sayyida, mutanen da ba su san titinmu ba balle su san wane ne Kanari. Ranar da suka zo shan shayin sa rana, uban angon ya tambayi sana'ar Bayyumi, aka ce mabushi ne. Bayyumi kuma maimakon ya yi shiru, sai ya dubi 'yarsa ya ce ranar kai kaya shi zai busa a gaban motar gadonta. Abokan aikinsa sun yarda za su raka kayan kamar yadda ake yi wa 'yar kowane ɗan ƙungiya. Adil ɗan Fargali, wanda ya gaji kujerar ubansa, ya jefa masa ƙahon yana dariya, ya ce ya ɗauka, ko da shi za a binne shi babu mai nema.

Na ce, "Abu Afaf, ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyar fa ya rage."

Ya ce, "Yatsuna sun san komai, Usta. Toshiyar ce kawai."

Da na yi masa gardama a nan, da watakila na rage masa wani abu. Amma wanda ya ɗaure kura shi ya kamata ya kwance ta, kuma a raina na ji daɗi, na ɗauka Allah ya kawo mini hanyar wanke hannuna. Na karɓi ƙahon.

Ƙoƙon da ya shekara talatin bai motsa ba ba a yi masa ƙarfi. Yawu da gumi sun shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, sun zama koren tsatsa, sun ɗinke su wuri ɗaya. Na ɗiga kananzir a mahaɗar na jingine ƙahon a kusurwa, baki sama. Kwana biyu ina ƙara masa, Bayyumi yana zaune a kujerar ƙofar shago tun daga buɗewa har rufewa, kamar mai jinyar mara lafiya a asibiti. Ko sau ɗaya bai ce in yi sauri ba. Da ya matsa mini da na samu abin yi masa faɗa, da na fi samun sauƙi.

Ranar Litinin da hantsi na ɗauko shi. Na zagaye mahaɗar da gudumar katako, ƙwanƙwasa kaɗan-kaɗan, don tsatsar ta saki. Na ɗumama bututun da harshen fitila, na naɗe ƙoƙon da tsumma mai sanyi. Sannan na sauko da ƙarfen da mahaifina ya ƙera don wannan aiki: faranti biyu ne da dogayen noti biyu, ɗaya farantin ya tokare bututun, ɗayan ya riƙe wuyan ƙoƙon, kana juya notin suna rabuwa. Sirrin kawai shi ne ka juya na dama rabi, na hagu rabi, kada ɗaya ya riga ɗaya. Na juya har na fara zaton bututun ne zai tsinke. Sai muka ji ɗas, ƙoƙon ya faɗo kan tawul. Bayyumi ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

Toshiyar tana nan inda na bar ta, ta yi baƙi ƙirin. Na sa lanƙwasasshiyar waya na riƙa ƙwaƙulo ta, tana fitowa gutsi-gutsi, da wari irin na tsohuwar rijiya. Bayyumi ya tattara gutsattsarin a tafin hannunsa yana kallo. Ya ce ashe duk ita ke nan, ko girman dabino ba ta kai ba. Na yi kamar ban ji ba, na shiga wanke bututun. Na gyara murɗewar, na sake dalma, na goge cizon filayar, na sa wa madannan uku mai. Su lafiyarsu ƙalau, don babu ranar da ba su sha motsi ba. Da na kai ƙahon bakina zan gwada kamar yadda nake yi wa kowane aiki, sai ya riƙe mini hannu, ya ce shi zai fara.

Ya gyara tsayuwa, ƙafa a haɗe, gwiwar hannu a sama, yadda yake yi a gaban gidan biki. Ya ja numfashi, ya kumbura kumatu, ya hura. Iska ta bi ta cikin ƙahon ta fita fuu, ba sauti ko kaɗan. Ya sake, fuu. Ya leƙa cikin bututun ya ce ko akwai sauran toshiya.

Babu saura. Ƙaho ba iska yake so ba, leɓe yake so. Sai ka matse leɓɓanka sun yi rawa a cikin ƙoƙon sannan tagulla ta amsa, kuma kumatu a ɗaure ake riƙe su, ba a kumbure ba. Bayyumi ya san wannan da ka, ya ji ana faɗa sau dubu. Amma bakinsa shekara talatin da uku yana koyon akasin haka, kuma haƙoransa na sama biyu da ƙoƙo ke jingina a kansu sun daɗe da zubewa. Don in nuna masa, na karɓa na busa. Wallahi na yi da na sani. Ƙahon ya fitar da murya mai zaƙi, tas, har mai shayi ya leƙo daga tsallaken titi. Ashe cikin huɗun da na toshe, mai kyan ne ya faɗo hannunsa. Bayyumi ya tsaya yana sauraron muryar ƙahonsa karo na farko, daga bakin wani.

Na zaunar da shi har la'asar ina koya masa. Wajen ƙarshe ya samu wani sauti guda, mai kama da kukan maraƙi. Ya yi murna da shi ƙwarai, ya naɗe ƙahon ya tafi. Na so in gaya masa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, cewa ko yaro mai cikakkun haƙora sai ya shekara kafin ya busa taken amarya. Na bar shi ya tafi da murnarsa, kuma ba tausayi ba ne ya hana ni magana, tsoro ne.

Talata da Laraba labarinsa ya riƙa zuwa mini ba tare da na aika ba. A rufin gidansu yake hawa, tsakanin igiyoyin shanya da akurkin tattabarun maigidan haya, yana busa tun safe. Mai wake ya ce maƙwabta sun ɗauka ana yanka wani abu a sama. Mabusan gidan shayi suka samu abin yi: duk wanda ya wuce sai ya ce Kanari ya fara kuka, a rufe tagogi. Adil ya aika masa cewa in zai yi wannan kukan ranar Alhamis, to, ya yi shi kaɗai, ba a cikin kwat ɗin ubansa ba. Na fita na zazzage mabusan tas, na ce dukansu babu wanda ya kai shi riƙon amana. Suka yi mini dariya, ɗaya ya ce ai Usta Hilmi ne ya fi kowa sanin darajar shirun Kanari. Na koma shago.

Ranar Alhamis ina buɗe shago na same shi a ƙofa, cikin jar kwat, an goge maɓallanta suna ƙyalli. Leɓensa na sama ya kumbura ya fashe. Ya ajiye ƙahon a kan teburina a hankali, ya zare ƙoƙon da yatsu biyu, ya ajiye a gefe.

Ya ce, "Mayar mini da ita, Usta."

Na yi kamar ban gane ba. Na ce in dai tsoron kukan maraƙin yake yi, ai sai ya riƙe ƙahon ya motsa yatsu, kada ya hura. Ya girgiza kai. Ya ce ya gwada a gaban madubi. In babu toshiya iskar gudu take, kumatu ba sa cika, jijiya ba ta tashi, ko yaro ya dube shi zai gane ƙarya ce. In kuwa ya manta ya matse leɓe, maraƙin zai kubce a tsakiyar taro. Wato ko ƙaryar ma ba ta yiwuwa sai da toshiyar. Na ce to alƙawarin da ya yi wa Afaf fa? Ya amsa yana murza maɓallin kwat ɗinsa.

"Jiya ta hawo mini da shayi. Ta tsaya ta saurara har na gama. Sai ta ce, Baba, don Allah gobe ka yi yadda ka saba. Dangin Mamduh za su zo."

Ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin farashin tumatir. Ban ga laifin yarinyar ba, har yau ban gani ba. Ta sha dambe a kansa tun tana ƙarama, rana ɗaya ta roƙa a bar ta ta shiga gidan miji ba tare da an yi mata dariya ba. 

A nan na ga in ban faɗa yau ba, ba zan taɓa faɗa ba. Na ce, "Abu Afaf, ta farkon ma ni na sa ta. Ni na buga ƙoƙon."

Ya ce, "Na sani. Ina tsaye a ƙofar nan riƙe da sauran ƙahonin Usta Fargali, kai ne ba ka ɗaga kai ba. Shi ya sa na dawo wurinka. Shekara talatin da uku ko sau ɗaya ba ta yi yoyo ba."

Da ya zage ni, ko ya kwaɗa mini ƙahon a ka, da na gode masa. Babu zagi a muryarsa, yabon aiki ne kawai yake yi, irin na mutumin da ya san hannu mai kyau. Na shiga gida na zare toshiyar kwalbar man zaitun ta matata, na fere ta daidai bututun. Na ce ba zan sa gam ba, ba zan kuma buga ƙoƙon ba, don in biki ya wuce ya dawo mu ci gaba da koyo a hankali. Ya ce in sa gam. Ya ce kwana uku ya yi yana sanin cewa ba toshiya ce ta hana shi busa ba, kuma kwana ukun sun ishe shi. Da kansa ya ɗauko gudumar katakon daga ƙusarta ya miƙo mini. Na ba ƙoƙon guda uku.

Bayan azahar aka fito da kayan. Mota biyu a buɗe, gado da katifu masu rufin ruwan hoda a ta gaba, tukwane da madubi a ta baya, mata suna bi da tiren kofuna a ka. Na rufe shago na bi su har Sayyida da ƙafata mai ciwo. Da aka ɗauki taken amarya Bayyumi ya fito gaban sahu. Ban taɓa ganin ya yi irin na ranar ba: wuya ya miƙe, fuska jawur, yatsu na tafiya daidai da kowane sauti, jini kaɗan na bin gefen ƙoƙon daga fasasshen leɓensa. Guɗa duk ta koma kansa. Afaf tana taga da ƙawayenta lokacin da muka tashi, ta ɗaga masa hannu, ta yi saurin komawa ciki.

A ƙofar gidan ango uban Mamduh ya kama hannuna, da yake an ce masa ni ne mai gyara. Ya nuna Bayyumi ya ce shi fa ya san kiɗa, duk cikin goma sha biyun nan surukinsa ne kaɗai ke busa da zuciyarsa. Na ce haka ne. Na matsa kusa da Bayyumi har kafaɗata na gogar tasa, na kasa kunne wajen bakin ƙahon, wai ko ɗan sauti zai kubce in samu abin riƙewa. Ko iska ba ta fita. A duk ƙahonin da suka bi ta hannuna babu aikin da ya yi mini kyau kamar wannan, Allah ya yafe mini.